Daga Ɗantutture Zuwa Yankari: Ruwa Ne Ke Tsara Tafiyar Kallon Namun Daji

Idan magidanci a Ɗantutture ta jihar Katsina ya ƙudurta nuna wa 'ya'yansa giwa tana kiwo a daji, ba a bayan shingen gidan zu ba, tafiyar da ke gabansa ta haura kilomita 500. Abin da ban takaici, domin ga dajin Rugu nan yamma da Dutsin-Ma, ta wajen Safana da Batsari, kuma a da akwai garken giwaye da ke kai-komo tsakaninsa da dajin Baban Rafi na jihar Maraɗi. Yau babu mai hankalin da zai ce a shiga Rugu kallon dabbobi. Kamuku ta Birnin Gwari, wadda ta zama gandun daji na ƙasa a 1999, ita ma rashin tsaro ya raba ta da baƙi. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandayen daji na ƙasa guda 10, har da dajin Kogo a nan jihar Katsina da Falgore a Kano, amma sa hannu a takarda daban, wurin da mutum zai kai iyalinsa daban. Saura Yankari.

Yankari tana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa baƙi a Disambar 1962, ta koma hannun Tarayya a matsayin gandun daji na ƙasa a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Wannan tarihin yana da amfani ga matafiyi ta fuska ɗaya: hukumomin jihar Bauchi za ka tuntuɓa kan masauki da kuɗin shiga, ba Abuja ba.

Yawancin masu zuwa suna zaɓen ranar tafiya ne da kalandar ofis: hutun Sallah, hutun makaranta, ƙarshen shekara. Dabbobi ba su san wannan kalandar ba. Tasu ta ruwa ce, kuma wanda bai bi ta ba zai dawo yana cewa Yankari ba komai sai itatuwa.

Ga yadda abin yake. Daga Mayu zuwa Satumba ruwan sama na sauka, kowane kwari ya zama tafki, dabba ta sha a inda ƙishi ya same ta. Garke-garke sai su watse cikin dajin da ko a mota ba ka gama zaga shi a yini guda. Gamba kuwa, ita dai wadda muke saƙa zana da ita, takan yi tsawon da za ta shanye mutum a tsaye, balle gwanki ko mazo. Kana iya wucewa ta gaban ɓauna goma ba ka sani ba. Ga laka da ke riƙe mota, ga tsando da sauro. Daji ya fi kyan gani a damina, wannan gaskiya ne, amma kyan nasa ne ke ɓoye abin da ka je nema.

Da ruwa ya ɗauke, lissafi sai ya juya. Tafkuna na ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta bushe, ganye ya kaɗe, wuta ta cinye wani sashe. Abin da ba ya ƙafewa shi ne kogin Gaji, wanda ya ratsa gandun, maɓuɓɓugai na ciyar da shi duk shekara. Babbar giwa takan sha fiye da lita 100 a rana, ta ci ganye da ɓawon itace da ciyawa wajen kilo 150. Dabba mai irin wannan buƙata ba ta nisa da ruwa a rani. Haka ɓauna, haka gwambaza wadda dama a bakin ruwa take rayuwa. Saboda haka daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, dajin kan tattaro dukiyarsa zuwa kwarin Gaji, kamar yadda ranar kasuwa ke tara mutanen ƙauyuka wuri guda. Hanyoyin da motocin kallo ke bi ma galibi a gefen wannan kwarin aka shata su.

A cikin ranin ma akwai zaɓi. Disamba da Janairu akwai sanyin hunturu, jiki na jin daɗi, sai dai hazo kan dusashe nesa ya ɓata hoto, ga cunkoson masu hutun ƙarshen shekara. Maris da Afrilu zafi ne na gaske, amma a lokacin ne ƙishi ya fi matsa wa dabbobi, ganinsu ya fi sauƙi. Ni dai da za a tambaye ni, Fabrairu zuwa farkon Maris zan ce, musamman ga mai tafiya da yara ko dattawa. A duba kuma inda watan azumi ya faɗo a shekarar, don yawon daji a buɗaɗɗiyar mota da bakin azumi a bazara ba ƙaramin aiki ba ne.

Sa'ar fita ma ruwa da zafi ne ke yanke ta. Da hantsi ya ɗaga, kowace dabba inuwa take nema ta lafe. Fita biyu ce mai amfani: ta sassafe bayan sallar asuba, da ta bayan la'asar. Wanda ya iso da azahar, ya yi zagaye ɗaya cikin rana tsaka, ya juya gida, kuɗin mai kawai ya ƙona. Kwana biyu a ciki shi ne mafi ƙaranci, don a samu fita uku ko huɗu.

Me za a gani? Gwaggon biri da mugun dawa tabbas ne, har tsakar masauki suke yawo. Gwambaza, mazo, jan biri, kada da tsuntsaye, su ma da wuya a rasa. Nau'in tsuntsayen da aka lissafa a Yankari ya haura 350. Ɓauna, gwanki, kanki da dorina suna son ɗan rabo. Garken giwayen Yankari na cikin mafiya girma da suka rage a Nijeriya, duk da haka ba su fi ɗari da 'yan kai ba, kuma sukan yi tafiya a dunƙule: ko ka gan su da yawa, ko ka ga sawu da kashi da karyayyun rassa kawai. Zaki kuwa kada a yi wa yara alkawarinsa. A duk Nijeriya, Yankari da gandun tafkin Kainji ne aka san sun rage da zakuna, su ma 'yan ƙalilan, kuma dare ne lokacinsu. Raƙumin dawa babu shi a Yankari. Mai son ganinsa sai ya ratse Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka ajiye dabbobin da ƙasar Namibiya ta ba jihar Bauchi a 2006. A Nijar ma an kai raƙuman dawa 8 gandun Gadabeji na jihar Maraɗi a 2018 daga yankin Kure, amma wannan tafiya ce ta tsallaka iyaka mai nata sharuɗɗan.

Hanya: daga Dutsin-Ma a fita Kankiya, a hau titin Kano, daga Kano a bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, a shiga Bauchi. Daga Bauchi a ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya dama zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, akwai sauran tafiya ta wajen kilomita 40 a cikin dajin kansa, shi ya sa bai kamata a iso da magariba ba. Ya fi a kwana a Bauchi, a cika tanki a can, a shiga da safe. A riƙe kuɗi a hannu, don ba kullum waya ke samun sabis ba. Kafin a tashi daga gida a kira masauki a kama ɗaki, a tambayi kuɗin shiga, na mota da ɗan rakiya, da na kyamara, domin farashi na sauyawa. A tambayi halin hanya kuma, a bakin direbobin tasha da mutanen Bauchi, a satin da za a tafi, ba labarin bara ba. Mu da muka fito daga tsakiyar Katsina ba ma buƙatar a koya mana wannan.

A sansanin Wikki, abokin hamayyarka na farko gwaggon biri ne. Ya san leda, ya san kular abinci, ya iya tura ƙofar da ba a kulle ba. Kada a ba shi abinci don nishaɗi: wanda aka saba wa karɓa daga hannun mutum, gobe ƙwace zai yi, kuma haƙoran babban namiji ba abin wasa ba ne. A kulle ɗaki da mota, kada a bar yaro ya fita da biredi a hannu. Ƙasa da masaukin akwai maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garai-garai da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Da hunturu sai ka ji shi da ɗumi, da bazara ka ji shi da sanyi, alhali ruwan bai sauya ba. Mai tafiya da mata ya tambayi lokacin da wurin ke raguwa da jama'a. Masu sha'awar tarihi su nemi a kai su kogwannin Marshall da aka sassaƙa cikin dutse, da rijiyoyin Dukke sama da 130, da kufan maƙera inda aka narka tama. Dajin nan ya taɓa zama gari.

Ba a shiga kallo sai da ɗan rakiya, kuma maganarsa ce doka. Ba a sauka daga mota sai ya ce, ba a ihu, ba a kunna waƙa. Giwa ba ta da kaifin gani, amma hancinta da kunnenta ba sa kuskure, shi ya sa za ka ga ɗan rakiya yana lura da inda iska ke kaɗawa. Uwa mai ɗa idan ta baza kunnuwa ta ɗaga kai, ba hoto take tsayawa a ɗauka ba. Tufafi masu launin ƙasa sun fi. Baƙi da shuɗi mai duhu na janyo tsando. A tafi da hula, da ruwan sha mai yawa, da gidan sauro, da madubin hangen nesa ko guda ɗaya ne a riƙa karɓa-karɓa.

Akwai abin da ya kamata a gaya wa yara, musamman ɗaliban da makarantun Dutsin-Ma da Kurfi kan kwasa yawon buɗe ido. Giwayen nan ba su tsira haka kawai ba. Masu gadin daji na kwana a sintiri saboda mafarauta da masu shigo da shanu, wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga aikin tare da gwamnatin Bauchi, har an ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, don a gargaɗi manoman ƙauyukan gefe kafin garke ya faɗa gona. Manomin da giwa ta tattake masa dawa a dare ɗaya ba kallon sha'awa yake mata ba, kuma ɗan manomi daga Ɗantutture zai fahimci wannan fiye da baƙon da ya sauko daga jirgi. Malamin da ya shirya tafiyar ya roƙi mai gadi ɗaya ya zauna da ɗalibai rabin awa. Sau da yawa wannan zaman ya fi zagayen motar amfani.

Ranar dawowa, a yi fitar safe, a bar Wikki kafin azahar, a kwana Bauchi ko Kano. Ragowar hanya daga Kankiya zuwa gida a yi ta da rana.