Amanar Dillalan Kayan Da a Landan

Ranar Juma'a tun kafin assalatu ake cin kasuwar Bermondsey da ke kudancin Landan. A shekarun da take tashe, dillalai kan iso da tocila a hannu, suna haska ƙasan teburi da bayan madubi, suna neman alamar da za ta nuna ko abin tsoho ne na gaske ko kuwa jiya kafinta ya gama shi. Har zuwa 1995 akwai tsohuwar dokar da ta ce wanda ya sayi kaya a irin wannan kasuwa da zuciya ɗaya ya mallake su, ko da daga baya aka gano na sata ne. Ranar Asabar kuma sai a koma titin Portobello.

Amma manyan kaya a shagunan titin Pimlico suke sauka, kuma a nan ne wata al'ada ta yi ƙarfi tsakanin dillali da mai ƙawata ɗakuna. Matashin da ya shigo sana'ar ƙawa ba shi da jarin sayen kabad mai shekara 200. Sai dillali ya ce masa ya ɗauka, ya kai gidan mai aikin, ya ajiye a inda yake ganin ya dace. In maigida ya zauna da abin kwana biyu ya ji ya kwanta masa, a biya; in bai yi ba, a mayar, ba rigima. Kuɗin da ake gaya wa ɗan sana'a ma daban ne da na baƙo, ana yi masa rangwame don ya sami abin sawa a aljihu. Wanda ya san yadda ɗan kasuwar Kurmi ke ba yaronsa kaya ya je ya sayar ya kawo uwar kuɗi ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Akwai kuma ɗan sirri a takardar da ke rataye jikin kujera. Dillalai da yawa kan rubuta abin da suka saye ta da haruffa maimakon lambobi, kowa da nasa tsarin, don yaron shago ya san iyakar ragin da zai yi ba tare da mai saye ya gane ba.

Geoffrey Bennison na cikin waɗanda har yau ake tunawa da su a Pimlico. Zane ya karanta a makarantar Slade, tarin fuka ya kwantar da shi shekaru, da ya warke ya faɗa sayar da kayan da. Daga baya attajirai irin iyalan Rothschild suka riƙa kiransa ya gyara musu gidaje. Shagonsa ya zama tamkar makaranta: a nan matasa ke koyon cewa labulen da rana ta ɗan koɗe ya fi sabo fil kyau kusa da tsohon katako, abin da ba a cika koyarwa a aji ba.

Robert Kime ya sha daga wannan rijiya. Tun yana ɗalibin tarihi a Oxford yake saye da sayarwa. Miriam Rothschild, masaniyar ƙwari da ta shahara kan binciken ƙuma, ita ta taimaka masa ya buɗe shago a garin Oundle, Bennison kuma ya zame masa ubangida a harkar. Kime ya yi suna da fara tsara ɗaki daga darduma, sauran kaya su biyo bayanta, kuma bai daina sayar da kayan da ba ko bayan manyan ayyuka sun zo. Shi ya ƙawata gidan Clarence House domin Yarima Charles, wanda yanzu shi ne sarkin Ingila.

Bennison ya rasu a 1984, Kime kuma a 2022. Yadudduka masu zanen da Bennison ya tattara daga tsofaffin ƙyallaye ba su bi shi ba: mataimakiyarsa Gillian Newberry ta kafa kamfani da sunansa, kuma har yanzu ana buga su ana sayarwa.