Tsakanin "Since" Da "For"

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai waɗansu ƙananan kalmomi biyu na Turanci da ke ka da yaranmu a jarrabawa, su ne since da for. Na ga haka a littattafan yaran da nake koya wa a Fadaman Mada, shi ya sa na ce bari mu dubi tushen abin.

Tushen kuwa yana cikin Hausarmu. Mu mukan ce, "Ina zaune a Bauchi tun bara." Sai yaro ya bi "ina" ya rubuta I am living. Amma Bature, in abu ya faro tun baya kuma har yanzu bai yanke ba, have ko has yake sawa: I have lived in Bauchi since last year.

To, since ita ce "tun", tana nuna lokacin da abu ya soma. Misali, Bauchi has been a state capital since 1976. For kuwa tsawon lokacin take aunawa, kuma a nan ba ta da takwara a Hausa, gama mu "Na yi wata shida a nan" kurum muke cewa. Da yaro ya rasa abin sawa, sai ya jawo since ya ce since six months. Daidai shi ne I have been here for six months.

Ga dabara mai sauƙi. Yaro ya tambayi kansa, ƙarfe biyu ne ko awa biyu? Ƙarfe biyu mafari ne, since two o'clock. Awa biyu tsawo ne, for two hours.

Saura abu guda. "Na zo" tana ɗaukar I came da I have come duka biyu, amma Turanci ya raba su. In abu ya riga ya ƙare, ba a sa have. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi, ya zama Firayim Minista a 1957, ya rasu a 1966. Saboda haka He was Prime Minister for eight years za a ce, ba has been ba.

Kada mu tsaya ga ba yara doka su haddace. Kowace safiya mu tambayi biyu ko uku, How long have you been in this class? Wannan ya amsa da since, wancan da for, har bakinsu ya saba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.