Sulusin Dukiya Da Ciwon Zuciyar Masu Jego

A ƙasar Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa, inda gona ke dafe da gona har ba wurin ɗaure akuya, mutum yakan shekara sittin yana tara abin hannu, ya cika bai bar wasiyya ko ta kwabo ba. Alhali shari'a ta ba shi iko da sulusin dukiyarsa bayan an biya bashi, muddin ba magaji ya yi wa ba. Abin da ya haura sulusi kuwa sai da yardar magada.

Asalin wannan hukunci shi ne jinyar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi a Makka, sa'ad da ya nemi ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi. Abu Dawuda ya ruwaito wata jinyar kuma ta Sa'adu, inda Annabi ya ɗora hannu a ƙirjinsa, ya shaida masa ciwon zuciya ne, ya tura shi wurin Harisu ɗan Kalada, mai magani na Banu Saƙifa. Ashe neman masanin zuciya ba baƙon abu ba ne.

To, akwai wani ciwon zuciya da ya fi ƙarfi a ƙasar Hausa. Mace ta haihu lafiya, a yi suna, a watse. Ana nan sai ƙafa ta kumbura, haki ya kama ta, ta kasa kwanciya sai a zaune. Zuciyar ce ta saki, ba ta iya tura jini. A 1978 likitoci biyu na Zariya, Davidson da Parry, suka buga bincikensu, suka zargi wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta da yawan kunun kanwa. A Zariya da Sakkwato an ƙiyasta mace 1 cikin 100 masu haihuwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka sāke bin maganar, suka tarar wankan kaɗai bai isa hujja ba, suka kuma ga ƙarancin wani sinadari, siliniyam, a jinin da yawa daga cikin matan. Binciken bai ƙare ba, kuma injin hoton zuciya da awon jini da albashin ma'aikata duk kuɗi suke ci.

Masu wasiyya sun saba da masallaci da rijiya, madalla da su. Amma gari nawa ne ke da masallatai uku a layi guda, marayun masu jego kuwa suna hannun kakanni? Muhtasar na Halilu ya halatta wasiyya ga masallaci, a kashe ta cikin maslaharsa, malamai kuma suna ƙiyasta sauran ayyukan alheri a kansa.

Sai dai a kula da gona. Inda rabon gado ya riga ya mai da ita kamar tabarma, yanke mata sulusi tayar da husuma ne tsakanin 'yan'uwa. Gara a ambaci kuɗi, ko buhunan hatsi, ko sa guda, a sayar a kasuwa. A rubuta tun ana lafiya, a faɗi sunan asibitin da sashensa na zuciya, a sa adilai biyu su shaida, a naɗa wasiyyi amintacce wanda zai kai ya karɓo rasit. Mai wasiyya yana da ikon sāke ta ko janye ta matuƙar yana da rai.