Lambar sirri guda, ƙofofi da yawa: yadda jami'a ke tsaya wa ɗalibinta a intanet

Duk wanda ke aiki da kwamfuta a Agadas, ɗalibi ne ko ma'aikacin asibiti, ya san wahalar lambobin sirri: ta imel daban, ta rajista daban, ta shafin darussa daban. Daga ƙarshe sai a rubuta su a takarda a manna jikin allo, ko a sa guda ɗaya a ko'ina. Masana kwamfuta sun daɗe da samo maganin wannan, wato shiga sau ɗaya, wadda ake taƙaitawa da SSO.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a garin ayari. A da, baƙon fatake in ya sauka a zango, ba ya bin ƴan kasuwa ɗaya bayan ɗaya yana rantsuwa cewa shi mutumin kirki ne. Mai masaukinsa ke tsaya masa, kasuwa kuma ta yarda da mai masaukin. Haka tsarin yake. Ma'aikata, misali Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014, za ta ajiye babbar kwamfuta guda mai riƙe da sunayen mutanenta. In ɗaliba ta buɗe shafin ɗakin karatu, shafin ba zai tambaye ta lambar sirri ba, zai tura ta gida. Can za ta shigar da lambar, sai kwamfutar jami'a ta aika wa shafin ƴar shaida mai hatimi: wannan tamu ce, ɗaliba ce. Lambar kanta ba ta fita daga jami'a.

Domin na'urori su fahimci juna akwai ƙa'idoji na bai ɗaya. SAML 2.0 ta fito a 2005, OpenID Connect kuma a 2014. Maɓallin nan na shiga wani shafi da asusun Google da wannan ta biyun yake aiki. Manhajojin girka tsarin, irin su Shibboleth da Keycloak, kyauta ne.

In jami'o'i da dama suka amince da shaidar juna, an sami ƙawance. Da haka eduroam ke ba ɗalibi damar kama wifi a jami'o'in ƙasashe sama da 100 da sunansa na gida, eduGAIN kuma ke haɗa ƙawancen ƙasashe. A yankinmu ƙungiyar WACREN mai cibiya a Akara ce ke jan wannan aiki. Ga garin da ke nesa da Yamai da kusan kilomita 950, inda littafin ilimi ke wuyar samu, shaidar da za ta buɗe mujallun bincike na duniya ba ƙaramar riba ba ce.

Sai dai girka manhaja shi ne mai sauƙin. Aikin gaske yana cikin kundin sunaye. Wa ya shigo bana, wa ya gama, wane malami aka yi wa canjin wurin aiki? In ba a goge sunan wanda ya tafi ba, jami'a na ci gaba da tsaya wa mutumin da ba nata ba, kuma abokan ƙawance za su buɗe masa ƙofa. Sannan wanda ya sace lambar guda ya sami komai, shi ya sa ake ƙara mataki na biyu, kamar lambar da ke zuwa a wayar salula. In kuma wuta ta ɗauke a ɗakin babbar kwamfutar, abin da mazauna Agadas suka saba da shi lokacin zafi, duk ƙofofin sun rufe tare. Batir da faifan sola na cikin kasafin tun ranar farko.

Akwai kuma batun abin da ake aikawa cikin shaidar. Ɗakin karatu na buƙatar sanin cewa mutum ɗalibi ne, ba ya buƙatar ranar haihuwarsa ko sunan unguwarsu. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, hukumar HAPDP ce ke sa ido a kanta, kuma ma'aikatar da ke tara sunayen jama'a a kwamfuta na ƙarƙashin wannan doka.