Tayar Babur: Kowace Hanya Da Irin Tata

A ƙasar Damagaram babur ne ke kai manomi kasuwa, shi ke kai majinyaci likita. Amma duk nauyin nan bisa taya biyu yake, saboda haka zaɓen taya ba abin wasa ba ne.

Ɗan kabu-kabu da ke yawo bisa kwalta tsakanin Birni, Zengu da Kasuwar Dole, ko ya kai fasinja Mirriya, taya mai ƙananan zane ta fi dacewa da shi, don tana kama kwalta sosai. Wanda kuwa ke ratsa rairayin ƙauyukan Tanut da Gure, sai mai manyan haƙora. Amma irin wannan tana saurin cinyewa a kwalta, ga santsi in an yi ruwa.

Kafin a biya kuɗi a karanta jikin tayar. In an ga 3.00-18, lambar farko faɗinta ne da inci, 18 kuma girman rim. Kada a canza abin da masu ƙera babur suka sa. Tun shekarar 2000 lamba huɗu ke nuna lokacin ƙira: 2523 na nufin sati na 25 na 2023. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba, zafin bazara yana tsattsaga ta.

A riƙa auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Ƙarancin iska da lodin buhunan hatsi su ke fasa taya a tsakiyar daji, inda babu mai faci. Araha dai ba ta ado.