Kafin a Nemi Amsa, Shin Akwai Ta?

A shekarar 1695, L'Hôpital masanin lissafi ɗan Faransa ya aika wa takwaransa Leibniz tambaya: ana auna saurin canjin abu sau ɗaya, ana aunawa sau biyu, to rabin sau fa? Daga nan aka samu reshen lissafin canji mai gutsure. Abel ya yi aiki da shi a 1823, Liouville da Riemann suka gina masa harsashi, sannan Michele Caputo ɗan Italiya ya kawo nasa salon a 1967.

Amfanin wannan lissafi shi ne ba ya mantuwa. Lissafin da aka saba da shi halin yanzu kawai yake dubawa, shi kuwa mai gutsure duk abin da ya wuce yana cikin ƙidayarsa. Shi ya sa ya dace da roba da aka daɗe ana ja, ko ruwan da ke ratsa tsagogin duwatsu a ƙarƙashin ƙasa. Sai dai warware shi yana da wahala, kuma wahalar tana ƙaruwa idan alaƙar ba miƙaƙƙiya ba ce, wato ninka abin da aka zuba ba ya ninka abin da ya fito. A nan da wuya a iya rubuta amsa da alƙalami, kwamfuta kuma za ta fitar da lambobi ko da amsar ba ta wanzu ba. Wannan haɗari ne babba ga injiniyan da zai dogara da su.

Don haka masana kan fara tabbatar da cewa akwai amsa. Hujjar da Stefan Banach ɗan Poland ya kafa a 1922 ita ce makaminsu na farko, kuma tana da daɗin fahimta. Ka shimfiɗa taswirar gari a ƙasa, cikin garin. Dole a samu ɗigo guda, guda tak, da ya zauna daidai kan wurin da yake wakilta. Haka ake sake fasalin matsalar ta zama aikin da ke matse tazara duk lokacin da aka maimaita shi. Ɗigon da bai gusa ba, shi ne amsar. Inda matsewar ta gagara, sai a koma ga hujjar Schauder ta 1930, wadda ke tabbatar da akwai amsa ba tare da ta ce guda ɗaya ce ba.

Wani lokaci kuma amsar ta ɗan lokaci ce. A 1966 Fujita ɗan Japan ya nuna cewa a wani lissafin yaɗuwar zafi, amsar kan hauhawa ta wuce kowace iyaka cikin ƙayyadadden lokaci, kuma daga baya an gano irin haka a lissafi mai gutsure.