Nauyin Ƙafa Ba Shi Ne Rashin Iya Wasa Ba

A filayen ƙwallon Rigasa, da an ga ɗan baya mai nauyin jiki sai ka ji 'yan kallo na ihun "Koci, cire shi!" Shi ke nan, yaro ya koma benci.

To, bari mu leƙa wasan besbol na Amurka. Mai cafe ƙwallo, wanda ke tsugunne bayan mai duka, yawanci shi ne mafi rashin gudu, domin tsuguno na cin gwiwa. Tun 2015 tsarin Statcast ke auna gudun 'yan wasa: matsakaici kusan ƙafa 27 ne a daƙiƙa, masu cafewa galibi ba sa kaiwa. Amma masana alƙaluma ba su tsaya nan ba. Suna ƙirga sau nawa ya ƙara tasha idan dama ta samu, da sau nawa aka fitar da shi saboda ganganci. Wani mai nauyin ƙafar, da ya san lokacin tsayawa, ya fi mai gudu a banza amfani.

Haka Per Mertesacker: ba shi da gudu, amma ya ɗauki Kofin Duniya da Jamus a 2014.

Don haka kociyoyinmu, kafin ku ajiye yaro, ku ƙirga sau nawa aka wuce shi tukuna.